Kwana uku a Alkahira a hanyar komawa gida

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka tun daren jiya, cewa idan an ba ku hutu a Madina kana so ka yada zango a Alkahira kwana uku kafin ka wuce Kano, me ya kamata ka gani. 'Yan'uwa sun riga sun amsa maka, kusan kowa dalar fir'aunoni ta Giza yake cewa. Bari ni ma in tofa albarkacin bakina, don sau huɗu ina zuwa garin daga nan Jidda. Zuwan farko jinya na kai mahaifiyata, aikin gwiwa, muka yi kusan wata biyu. Zaman jinyar nan ne ya sa na taka garin da ƙafa.

Fara da takardu. Ka tabbata huruj wa audarka, wato bizar fita da dawowa Saudiyya, ta fito, iƙamarka, wato takardar zama, na da sauran kwana, kuma ka gama da maganar bizar Masar tun kana nan. Kar ka dogara da "in ka sauka za a ba ka" da ake ji a bakin mutane. Tafiyar kusan awa biyu ce a jirgi. Zafi akwai, amma wanda ya sha ranar Madina ba zai ɗauke shi wani abu ba.

Dala kam ka je, don in ka koma gida ita za a fara tambayarka. Sai dai safiya ɗaya ta ishe ta. Babbar cikinsu a Giza ta kai shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146, kuma sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai maka ƙirji za ka san hoto bai faɗi gaskiya ba. Abin da zan gargaɗe ka masu raƙuma ne. Wani ya tare ni da fara'a, yana ta "ya basha, ya hagg", ya faɗi kuɗi ɗan kaɗan, na hau. Ya ja ni can bayan dala cikin rairayi, da na ce ya durƙusar da raƙumin sai ya ce ai wancan kuɗin hawa ne, na sauka daban yake. Ina can sama kamar tuta, ba yadda zan yi, sai da na biya ninki uku. In har za ka hau, ku yi ciniki da hawa da sauka, kuma kar kuɗi ya bar hannunka sai ƙafarka ta taɓa ƙasa.

Daga nan ka nufi Fusɗaɗ, tsohon garin da Musulmi suka fara kafawa. Gawarwakin fir'aunoni can suke yanzu, a gidan tarihin wayewar Masar. A 2021 aka kwaso guda 22 daga tsohon gidan tarihi na Tahrir. Za ka ga Ramsis na biyu kwance, har da sauran gashi a kansa. Masu yi wa baƙi jagora za su rantse maka shi ne Fir'aunan Annabi Musa, alhali masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Ba nisa da wurin akwai masallacin Amru ɗan Asi, wanda aka kafa wajen 641, na farko a ƙasar Masar. An sha rushe shi ana sake ginawa, to kar ka sa ran ganin ginin Sahabbai, wurin ne dai na asali.

Yini na biyu shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Ɗalibi kamarka, Azhar ce Alkahirarsa. An fara ginin masallacin a 970, kuma har yau za ka shiga ka tarar da halƙoƙi, malami ya jingina da ginshiƙi, ɗalibai sun kewaye shi, daga Indonesiya, daga Senegal, daga Barno. A da kowace ƙasa tana da nata ruwaƙi inda ɗalibanta ke kwana, kuma akwai wanda ake kira na Barnawa. Mutanen Kanem ma tun ƙarni na 13 suka ba da kuɗi aka gina musu makarantar Malikiyya a garin, ta Ibn Rashiƙ, inda alhazansu ke sauka. Wato ba yau muka fara yada zango a can ba. Ranar da na fara shiga, ina ɗaura takalmina a leda sai na ji wani a bayana yana cewa "kai dai bari, wallahi" a waya. Ɗan Azare ne, yana zaune a Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi. Shi ya zagaya da ni ranar, kuma shawarata ke nan gare ka: ka nemi ɗalibi ɗan gida tun kafin ka tashi, ya fi maka kowane ɗan jagora.

Bayan masallacin akwai lungun Darbul Atrak, shagunan littattafai jere da juna. Nan kuɗinka za su ƙare, na sani. Ka tsallaka titi kuma ga masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili. Kasuwar ta 'yan yawon buɗe ido ce, duk abin da aka ce maka ka taya da rabi ko ƙasa da haka, ka juya kamar za ka tafi. Ni na fi son titin Mu'izz bayan la'asar, daga Babul Futuh ka gangaro zuwa Bab Zuwaila, masallatai da makarantun Mamluk, sarakunan da suka mulki Masar a da, dama da hagu.

Yini na uku ka ba wa Ƙarafa, babbar maƙabartar garin. Na san ku 'yan Madina da maganar ƙaburbura, ban kuma ce ka je neman tabarruki ba, kowa da fahimtarsa. Sallama da addu'a dai ba wanda ya hana. Imamu Shafi'i yana can, ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, ƙubbar da ke kansa ta 1211 Miladiyya ce. Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik, shi ma a Ƙarafa yake. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Suyuɗi. Tun ina yaro nake jin ana jan baƙi ana fassara Jalalaini da azumi a ƙofar gidanmu, sai ga ni tsaye a inda aka binne ɗaya daga cikin Jalalan biyu, mutumin da ya taɓa aika wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Wurin ba wani ƙawa, mai tasi ma sai da ya tambayi mutum uku. In lokaci ya rage, masallacin Sultan Hasan na kusa, ƙarƙashin ganuwar Salahuddin. An gina shi da makaranta huɗu, kowace mazhaba da tata, ka leƙa ɓangaren Malikiyya.

Abinci ba zai ba ka wahala ba: ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosansu) da safe, koshari (shinkafa da taliya a haɗe) da rana, ruwan rake a kowace kusurwa, karkade kuma zoɓonmu ne. Ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fi mota sauri nesa ba kusa ba, amma ka duba kar ka faɗa taragon mata. Larabcinsu zai ɗaure maka kai yinin farko, jimun ta koma ga, ƙaf ta ɓace, gahawa ta zama ahwa. Ka yi musu fusha, wato Larabcin littafi, za su yi murmushi su ce maka "ya shekh", amma za su gane. In mai tasi ya ce "khalli", wai ka bar kuɗin, ladabi ne kawai, ka biya shi.

Sannan ka auna kayanka tun a masauki. Zuwana na biyu sai da na bar mujalladi shida wajen ɗan Azaren nan saboda nauyi, sai bayan wata biyar wani mai zuwa Umara ya kawo mini su Jidda.