Kwalin Doom da aka yi maka tayi: duba waɗannan kafin ka biya

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wani mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta ya nuna maka kwalin Doom, wasan kwamfutar nan na harbi, da faifan fulofi biyu a ciki, ya ce na asali ne na 1993, kana tambaya ko ya kai kuɗin da ya sa masa. Dakata tukuna. Faifai biyun nan da ka ambata su suka tsayar da ni, don ramin da na taɓa faɗawa ke nan.

Lokacin da kamfanin id Software na jihar Texas a Amurka ya saki wasan ranar 10 ga Disamba 1993, ba a kanti ya kai shi ba. Kashi na farko, Knee-Deep in the Dead, mai matakai tara, kyauta aka sake shi a intanet, aka ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa. Wanda ya ɗanɗana ya ji daɗi sai ya aika dala 40, a turo masa cikakken wasan mai kashi uku ta gidan waya. Kamfanin kuma ya bar 'yan kasuwa su zuba wancan na ɗanɗanon a faifai, su yi masa kwali, su sayar su riƙe ribarsu. Shi ya sa kwalayen ɗanɗano suka cika duniya, kala-kala, galibi da faifai biyu. Cikakken na gidan waya faifai huɗu ne, kuma shi masu tara tsofaffin wasanni ke nema ruwa a jallo, saboda bai taɓa hawa kantar shago ba.

Ni a kwamfutar wani kawuna na fara buga shi, irin tsohuwar nan da ake kira 486 ce, bayan an tashi daga aiki. Har yau ina jin ƙarar ƙofar nan tana ɗagawa, da yadda fuskar sojan da ke ƙasan allo take jiƙewa da jini in ya sha duka. Na daɗe ina zaton matakai taran nan su ne wasan baki ɗaya. Da na girma na samu hali, sai na sa wani abokina da ke waje ya sayo mini kwali daga hannun wani mutum, kuɗi masu kauri. Kaya ya iso, na sa faifan hannuna na rawa, ashe na ɗanɗanon ne dai wanda na sani tun ina yaro. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. In an girka wasan, duba sunan babban fayil ɗinsa. DOOM1.WAD na ɗanɗano ne, bai wuce megabait huɗu da 'yan kai ba. DOOM.WAD shi ne cikakke, ya haura goma. In mai kayan ya ƙi a gwada, ka riƙe kuɗinka.

Sai lafiyar faifan kansa, kuma a nan ne yanayinmu ke yi mana illa. Ja ƙarfen murfin gefe, ka juya faifan ciki a hankali a gaban haske. In ka ga fararen ɗigo-ɗigo, fumfuna ce, danshin damina ya shige shi. In ka ga zane a zagaye, ƙura ta karce shi. Irin wannan kada ka sa shi a na'ura, zai ɓata kan da ke karantawa har ya shafi faifan da ka sa bayansa. Nawa guda ɗaya haka na rasa shi, don na ajiye su a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Wanda ke da lafiya kuwa, ranar da ya shigo hannunka ka kwafe abin da ke cikinsa da na'urar fulofi ta USB, ka adana shi nesa da zafi da lasifika, saboda maganaɗisu yana goge shi.

Ban ce na ɗanɗano ba shi da daraja ba. Ina son nawa, zanen Don Ivan Punchatz na sojan da shaiɗanu suka yi wa ƙawanya ya isa a kafa a ɗaki, in kwalinka na ɗauke da shi. Amma a saye shi da kuɗin na ɗanɗano. A wannan harka asalin kaya da hannun da ya fito su ke sa farashi: a 2017 John Romero, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiri wasan, ya yi gwanjon faifansa biyar na Doom II a eBay, kasuwar gwanjo ta intanet, aka saya dala 3,150.

In farawa kake yi, ni Doom II na 1994 zan nuna maka, ko The Ultimate Doom na 1995 mai ƙarin kashi na huɗu. Su an sayar da su a shaguna, sun fi samuwa, kuma na faifan CD ya fi jure zafinmu. Akwai kuma jan kaset ɗin Doom na na'urar wasa ta Super Nintendo, na Amurka, na 1995. Na gaske yana da ƙarin haƙora a gefe biyu na bakinsa saboda guntun Super FX da ke ciki, ɗan abin lantarki da ke taimaka wa na'urar wajen zana hoton wasan.

Ka ce wa mutumin ya ɗauko maka hoton takardar da ke manne a kan kowane faifai, da bayan kwalin, da ɗan littafin ciki in yana nan. Turo mini su in duba maka, in sha Allahu kafin dare zan faɗa maka wanne ne.