Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske ana yi wa dutse da beto eko?

Jama'a salamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru, uku daga ciki na ga bakinsu ɗaya, duka a kan gano abin da ke ɓoye cikin beto ko cikin ƙasa ta hanyar sauti, duk da masu su ba su san juna ba, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni maso ne a nan Tawa. Wani shantiye muke yi na bene, sai mai gidan ya kawo injiniya daga Yamai da wani ɗan aparai mai wayoyi biyu, ya shafa giris a jikin poto ya danna kan waya ɗaya nan ɗaya can ya duba lamba, wai poto biyu ba su da kyau a ciki a sake su. Ni dai ban ji ƙarar komai ba kuma poton sumul yake a ido. Abin nan gaskiya ne ko neman kuɗi ne kawai? (Wani maso daga Tawa)

AMSA: Maigida sannu da ƙoƙari. Abin gaskiya ne, kuma tushensa ka san shi tun kana yaro. Ka tuna yadda iyayenmu mata ke sayen tukunya ko tulu, irin na Bubon ɗin nan da ake kawowa Yamai, ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta kasa kunne, in ta ji ƙau tana amo ta ɗauka, in ta ji wani ɓuf-ɓuf ta aje ko da kuwa ba ta ga tsagar ba. To aparan injiniyan nan ƙwanƙwasawa yake, sai dai da sautin da kunnenka ba ya kamawa. Kunnen ɗan Adam iyakarsa sautin da ke kaɗawa sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya, shi kuwa irin wanda ake gwajin beto da shi ya kan kai wajen sau 54,000, don haka rashin jin ƙarar ba laifin kunnenka ba ne.

Kan wayar guda shi ke tura sautin, gudan kuma ya karɓa a ɗaya ɓangaren, lambar da ya duba lokacin da sautin ya ci ne kafin ya ratsa poton. A iska sauti na gudun mita 340 a sakan, a ruwa wajen 1,500, a beto mai kyau wajen 4,000, a ƙarfe ya kusa 6,000. Ka ɗauka kaurin potonka santimita 40 ne, in beton ya zauna da kyau sautin zai fita cikin kashi ɗaya bisa 10,000 na sakan. Amma in akwai rami a ciki, inda tsakuwa ta cushe a bayan ƙarfe siminti bai shiga ba don ba a girgiza beton sosai ba lokacin zubi, ko an cika masa ruwa don ya yi sauƙin zuba, sai sautin ya dinga kewaye, ya makara, lissafi ya faɗo ƙasa da 3,000, nan ne injiniya ke ɓata fuska. Kai ma ka sani yaɓe na rufe asirin poto da yawa.

Giris ɗin kuma ba ado ba ne. Irin wannan sauti ba ya son iska ko kaɗan, ƴar tazara tsakanin kan waya da jikin beto ta isa ta maida shi baya kusan gaba ɗaya, dalilin ke nan ma a asibiti in za a yi wa mai ciki eko sai an shafa mata ruwan nan mai yauƙi. Ai ma eko ɗin asibitin daga wurin maƙera ya fito, likitan Glasgo ɗin nan Ian Donald da ya buga aikinsa a 1958, da na'urar neman tsaga a jikin ƙarfe ya fara gwaji.

Sai dai ka riƙe wannan, don kar a kayar maka da aiki a banza. Aparan ba ya faɗin ƙarfin beto kai tsaye, gudun sauti kawai yake aunawa. In an ɗora shi daidai kan ƙarfen da ke ciki lambar sai ta yi kyau fiye da gaskiya, jiƙaƙƙen beto ma na canza ta. Haƙƙinka ne ka ce a gwada wurare da yawa a poto ɗaya, a gwada sauran potunan da aka zuba rana ɗaya a kwatanta, in har yanzu ana gardama a huda a ciro ɗan guntu a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe. Wannan ba ya da gardama. Amma in poto biyu ne kaɗai suka bambanta da ƴan uwansu, gaskiya ni da kai ne zan sake su, bene ba abin wasa ba ne.

TAMBAYA: Malam wani odiyo ne ke yawo a gurup ɗinmu na WhatsApp wai masana sun saurari cikin ƙasa da na'ura sun gano za a yi girgizar ƙasa a Nijar ranar kaza, har mamata ta ce a waje za mu kwana. Ana iya sanin ranar? (Wata ɗalibar lise daga unguwar Bukoki, Yamai)

AMSA: Ƙanwata ki gaida mama ki ce mata ta kwanta a ɗakinta. Babu wani masani ko wata na'ura a duniyar nan da ke iya faɗin rana da wuri da ƙarfin girgizar ƙasa kafin ta zo, duk wanda ya sa rana ƙarya yake. Da ana iyawa ai da mutum sama da 50,000 ba su mutu a Turkiyya da Siriya ba ranar 6 ga Fabrairun 2023, da kusan 3,000 ba su tafi a Maroko ba ranar 8 ga Satumbar 2023.

Sauraron kuwa ana yi, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ɗaya daga cikin kunnuwan duniya a nan kusa da mu yake, a Torodi kan hanyar Burkina. Tasha ce cikin jerin tashoshin hukumar nan mai hedikwata a Biyana da ke sa ido kan yarjejeniyar hana gwajin makamin nukiliya ta 1996, na'urori ne a binne suna jin motsin ƙasa daga nesa mai nisa, ko girgiza ce ko wani ne ya fasa bam a ɓoye. Amma abin da ya riga ya faru take ji, ba wanda zai faru ba.

Ga yadda suke karanta abin. In dutse ya tsage can ƙasa, motsi iri biyu ke fita. Na farko da ake ce wa P turawa yake yana ja kamar sauti, gudunsa wajen kilomita 6 a sakan a ɓawon ƙasa, na biyu S kaɗa ƙasa yake gefe da gefe, bai wuce kilomita 3 da rabi ba amma ya fi ɓarna. Tunda tare suka tashi kuma ɗaya ya fi sauri, tazarar isowarsu ita ke nuna nisa, kowane sakan ɗaya na tazara wajen kilomita 8 ke nan, in tasha ta ga sakan 30 tsakaninsu to abin ya faru kusan kilomita 240 daga wurin, tashoshi uku suka haɗa lissafi sai a sa yatsa a taswira. Wannan tazarar ce Japan da Meziko ke amfani da ita su tura gargaɗi, sakan kaɗan ne, iyakaci a tsaida jirgin ƙasa mutum ya shige ƙarƙashin tebur. Sakan fa na ce ba mako ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne da wannan motsin aka san cikin duniya. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da ɗan ɗoriya, alhali zuwa tsakiyar duniya ya haura 6,300. To S ba ya ratsa abu mai ruwa-ruwa, da aka ga yana ɓacewa a zurfin kilomita 2,900 sai aka gane narkakken ƙarfe ne a wurin, a 1936 kuma wata mata ƴar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a can tsakiyar narkakken akwai wata ƙwaya daban.

Ina jin inda masu odiyon suka tsinci rabin maganarsu shi ne ɗakin gwaji. Can kam ana ɗaukar guntun dutse a manna masa ƙananan kunnuwa a matse shi a injin, kafin ya fashe sai ya fara ƴan ƙas-ƙas da kunne ba ya ji, suna yawaita suna taruwa a layin da zai tsage, har a 2017 masu bincike a Los Alamos ta Amurka suka koya wa kwamfuta ta ƙiyasta lokacin da irin wannan ƙaramar girgiza ta gwaji za ta zo. Amma wancan abu ne a kan tebur an kewaye shi da na'ura, tsagar gaske kuwa tana ƙasa kilomita 10 ko 20 ko fiye, tsawonta ɗaruruwan kilomita, ba wanda ya kai kunne wurin.

Mu kuma Allah ya sa muna zaune nesa da bakin manyan faifan ƙasa, wato manyan ɓangarorin ɓawon duniya, inda suke gogar juna, haɗarinmu kaɗan ne. Ban ce babu a yankin ba sam, an yi mai ƙarfi a Akara a 1939, an yi a Gini a Disambar 1983, mutanen Mpape a Abuja ma sun ji ƙasa ta motsa a 2018. Amma abin da ke rusa gidajenmu ruwan sama ne, damanar 2024 har tsohon masallacin Damagaram ta kayar. In mama na son yin hattara a duba katanga da magudanar ruwa kafin damana.

TAMBAYA: Muna son yin foraj a garkarmu, wani ya ce yana da na'ura mai jin ƙarar ruwa a ƙasa, a biya shi ya nuna wuri. Mu yarda? (Wani manomin albasa daga wajen Tawa)

AMSA: Alhaji a yi a hankali. Ruwan ƙasa ba gudu yake kamar gulbi ba balle ya yi ƙara, tsatsafa yake cikin rairayi da tsagar dutse. Aikin gaske da sauti shi ne a jera ƙananan na'urori a layi a ƙasa, a buga guduma kan farantin ƙarfe, a auna lokacin da bugun ya isa kowace, tunda a busasshen rairayi sautin ɗaruruwan mita yake yi a sakan, in ya jiƙe sharaf ya kai wajen 1,500, in dutse ne mai tauri ya ninka haka. Babbar yayar wannan dabara ita ce ta neman man fetur a Agadem, inda manyan kamiyoyi ke girgiza ƙasa ana sauraron abin da ya dawo. Amma a neman ruwa a ƙasarmu an fi amfani da aunin lantarki, a kafa ƙarafa a tura wuta a ga yadda ƙasa ke karɓa, musamman wuraren dutse irin Liptako da Damagaram.

A jihar Tawa kuma sau da yawa damuwar ba ko akwai ruwa ba ce, zurfinsa ne, a fadama ka same shi kusa, a kan tudun Adar sai an yi ɗaruruwan mita. Kafin ka ba kowa ko dala, je ofishin ma'aikatar ruwa ka tambayi zurfin forajojin da ke kusa da garkarka, sannan duk wanda zai yi aunin ya ba ka rahoto a rubuce da zurfin da yake tsammani da sa hannunsa.