Shin ƙaramar motar lantarki za ta ishe ni zirga-zirga a Yamai?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Talaje, ina koyarwa a Harobanda, kuma tafiyata kullum ba ta wuce kilomita 30 zuwa da dawowa. Kuɗin mai ya dame ni. Ko ƙananan motocin lantarkin nan na ƙasar Sin masu araha za su yi mini?

Amsa: Malam, ta fuskar nisa ba ka da matsala. Motar Wuling Hongguang Mini EV, samfurin farko da ya fito a 2020, tana cin kilomita 120 zuwa 170 a caji guda, gwargwadon girman batirinta, ke nan ko ka tsallaka gadar Kennedy sau huɗu a yini, da saura za ka koma gida. Sai dai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka dogara da wannan lissafi, domin na'urar sanyaya iska daga batirin take sha, zafin kansa kuma yana saurin tsufar da shi idan motar tana yini a rana.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ka jona ta. Tana bukatar awa 6 zuwa 9 a wutar gida, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta katse wutar da take turo mana, unguwanni suka riƙa kwana a duhu. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafin abin, amma da dare ake caji, ba da rana ba. In gidan haya kake, mitarku ɗaya da maƙwabta, kuma motar a waje za ta kwana, ban ba ka shawarar saye ba.

Ka duba hanyar gidanka ma. Tayoyinta ƙanana ne, cikinta kusa da ƙasa yake, yashin lungu da ruwan damina ba za su raga mata ba. Kafin ka ba da ko dala, ka nemi dillalin ya nuna maka makanikin da ya taɓa buɗe irinta, ya kuma rubuta maka garantin batir.

Zuwa Doso kuwa, mai nisan kusan kilomita 140, mai ƙaramin batirin ba za ta kai ka ba. Ranar wannan tafiya sai ka nufi tasha.