Ranar da na fita daga mota na bar ɗan koyo a kan sitiyari

Saƙonka ya iso ni jiya da dare. Ka ce, "Maigida, ɗan koyon da ka haɗa ni da shi ba ya yarda ya taka totur idan mun zo hawa babban titi. Na bayanmu sai oda suke danna mana, har wani ya sha gabanmu ya fito yana zage-zage. In ƙyale yaron ya ci gaba da lallaɓawa, tunda hakan ya fi aminci? In kuma an sake tare mu, in fita in rama?" Na karanta sau biyu, na kife wayar, barci ya ƙi zuwa. Ba ka sani ba, amma ka fama mini wani tsohon miki.

Wa ya gaya maka lallaɓawa ita ce aminci a babban titi? Wata nawa kana zama a gefena, a ce har yanzu ba ka gane wannan ba? Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Yaronka ya shigo mata da 40, ke nan tana cim masa da mita 17 duk daƙiƙa. In tana bayansa da mita 100, daƙiƙa shida ce tsakaninku da ita. A cikin shidan nan sai direban ya gan ku, sai ƙwaƙwalwarsa ta yarda cewa da gaske tafiyar kunkuru kuke yi, sai ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai burki. In tirela ce da kaya, ka ma daina lissafi, ka fara salati. Gudu in ya ninka, nisan da burki ke bukata sau huɗu yake ƙaruwa. Mutumin da ya zage ka jiya bai kyauta ba, amma tsoro ne ya fito masa ta baki, kuma ku kuka tsorata shi.

Zancen duba madubi, kunna sigina da waiwayawa ta kafaɗa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda sai an tuna masa da waɗannan bai isa ya zauna a kujerar malami ba.

Tambayarka ta biyu ce ta hana ni barci, don haka zauna ka ji.

Motata ta farko ta koyarwa ƙarama ce, fara, mai ƙofa huɗu. Shekara 9 na yi ina tuƙa wa mutane motocinsu kafin na tara abin sayenta. A gabana bakanike ya ɗaura mata burki da kulochi na biyu a wajen kujerar malami, na tsaya a kansa daga safe har yamma ina gwada su da ƙafata. Duk asuba da kaina nake wanke ta. Ko 'ya'yana ban yarda su jingina da ita ba.

Wata rana wani bawan Allah ya kawo mini ɗansa, saurayi ɗan shekara 19, mai ladabi, hannunsa da sanyi a kan sitiyari. Mun yi darasi shida, duka a ƙananan hanyoyi. Ran na bakwai uban ya zo da kansa, ya ce yaron zai yi tafiya mai nisa cikin mako biyu, lallai a hau da shi babban titi yau. Na ce bai nuna ba. Ya ce shi yake biya, in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Ina bukatar aikin, na haɗiye maganata. Tun daga nan na fara yin kuskure, amma ba shi ne babban ba.

Muka kama hanyar da ke haɗewa da babban titin. Kafin in ankara yaron ya wuce giya ta uku, ya sa ta huɗu, ya zarce ta biyar, alhali maleji bai haura 40 ba. Daga baya ya ce mini wai abokansa ne suka gaya masa babbar giya tana rage shan mai. Na ce, "Taka!" Ya taka, motar ta yi gurnani tana karkarwa, ta ƙi gaba. Inji a giya ta biyar a wannan gudun kamar jaki ne da aka ɗora wa kayan raƙumi. Na ce ya dawo ta uku, hannunsa ya rikice, hanyar kuma ta ƙare. Haka muka faɗa titin muna rarrafe. Sai ƙarar taya a bayanmu, ƙiiii, har ƙaurin roba ya shigo ta taga. Wata babbar mota baƙa ce. Allah ya tsare, ko gogar mu ba ta yi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da yau ba ni da labari. Mutumin ya wuce mu, ya yanko gabanmu, ya matse mu zuwa gefen titi har muka tsaya a bayansa, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Ya fito yana huci. Ya ce ni makashi ne, ya ce sayen lasisi na yi, na daure. Sai ya ambaci mahaifina, wanda a lokacin ko kwana arba'in bai yi a ƙasa ba. Ban san sa'ad da na ɓalle bel na buɗe ƙofa ba.

Ka lura da abin da na bari a baya. Inji yana aiki. Ban ja burkin hannu ba. Ban duba ko mota tana firi ba, wato ko an cire ta daga giya. Yaron kuwa ya yi abin da na koya masa a kan ƙananan hanyoyi: da ya tsaya ya sa giya ta ɗaya, ya danne kulochi da ƙafar hagu yana jiran in ce mu tafi. Ƙafar nan rawa take yi tun da ya ji ƙarar taya, ni kuma ina can ina nuna wa wani yatsa. Muna cikin cacar baki mutumin ya ɗaga hannu ya dalla wa bonet ɗina mari, bam! Yaron ya zabura. Ƙafar hagu ta zame daga kulochi, ta dama ta nemi burki ta sauka a kan totur. Motata ta yi tsalle ta daki bayan baƙar motar.

Har yau ina ganin ruwan lagireto, kore, yana bin kwalta yana zuwa wajen takalmina. Bonet ya naɗe kamar tabarma, tururi yana tashi. Daƙiƙa kaɗan kafin haka ni ne a tsaye tsakanin motocin biyu, na matsa gefe ne kawai don in fuskanci mutumin da kyau. Burkin da na tsaya yini guda ana ɗaura mini yana nan lafiya lau a ƙarƙashin kujerar da babu kowa a kai.

Nan take mai zagi ya zama mai gaskiya. Bambar motarsa da ma a tsage take, da idona na ga wayar da aka ɗaure ta da ita ta yi tsatsa. Fitilarsa ɗaya ta baya da ma an liƙe ta da salatif. Duka ya ɗora mini, har da wata lotsawa a ƙofar gefe wadda ko kusa ban taɓa ba. Ba ni da hoto, ba ni da shaida, sai bakina, kuma kowa ya ga ni na bugi bayansa. Kamfanin inshora ya ce tunda ba na cikin motar lokacin da abin ya faru, ɗan koyo ne yake tuƙi ba mai kula da shi, don haka ba ruwansu.

Uban yaron ya iso wajen kafin a janye motocin. A gaban mutane ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kada ka damu, ni na matsa maka, rabin gyara a wuyana." Na ji sanyi a raina har na yi masa godiya. Mako ɗaya, biyu, sai waya ta daina shiga. Na je gidansa sau huɗu, kullum ya fita. Ran na biyar na same shi a ƙofa, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Kai ne malami. Wa ya ce ka fita ka bar mini yaro?" Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne, a wannan gaɓar ba ni da amsa. Amma alkawari fa? Shi ya furta da bakinsa ba wanda ya tilasta shi. Ko sisi bai ba ni ba, kuɗin darasi na bakwai ma ya riƙe. Na biya gyaran baƙar mota da bashi. Tawa, da fanabita ya duba ya ce shasi ya karkace, na sayar da ita a yadda take, na koma tuƙa wa mutane wata 14. Na yafe wa yaron tun a ranar, kuka yake yi kamar ƙaramin yaro. Uban kuwa na bar shi da Allah, kuma ban janye ba.

To, ga ka nan kana tambayata ko ka fita ka rama. Ku yaran yanzu zuciya a kusa, haƙuri a nesa. Ana yi muku oda sau ɗaya kun ɗauka an taɓa martabarku, hannu ya tafi aljihu neman waya a ɗauki bidiyo a watsa wa duniya. Wata uku a gefen maigida, kun fara tunanin buɗe makarantarku. Ni sai da na shekara biyu ina wanke mota da canza taya kafin maigidana ya yarda na zauna kusa da ɗan koyo. Duk da haka ka ga abin da fushin minti ɗaya ya yi mini, balle kai da jininka ke tafasa.

Matuƙar ɗan koyo yana kan sitiyari, gindinka ba ya barin kujerar nan. In an tare ku, ka sa ya tsaya da tazara yadda za ku riƙa ganin tayoyin baya na motar gabanku suna taɓa ƙasa, domin ku sami wurin karya sitiyari ku fice. Ka ja burkin hannu da hannunka, ka mayar da giya firi da hannunka, kada ka tambaye shi ko ya yi. Ku kulle ƙofofi. Ka sauke gilashi kaɗan, ka ɗaga tafin hannu ka ce, "Yi haƙuri, ɗan koyo ne." Goma za su zo da wuta, mafi yawansu wannan kalmar ta ishe su. Wanda ya ci gaba da zagi ka bar shi, bakinsa zai gaji kafin kunnenka. In har an yi karo dole sai an fita, ka kashe mota, makulli ya shiga aljihunka, sannan ka ɗauki hoton motocin biyu ta kowace kusurwa kafin ka ce uffan. Nan ne wayar taku take da amfani.

Shi kuma yaron naka, ba titi yake tsoro ba, kukan inji yake tsoro. Duk ɗan koyo haka yake: da ya ji inji ya ɗaga murya sai ya zaci wani abu zai fashe, ya yi maza ya sauya giya ko ya ɗaga ƙafa. Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, bayan inji ya yi zafi, ka sa shi a giya ta biyu ya taka har allurar juyin inji ta kai 4,000, ya sa ta uku ya sake takawa. Ya yi sau goma, sau ashirin, har kunnensa ya saba, har bayansa ya san yadda kujera ke tura shi. Ka nuna masa jan layin da ke agogon, wajen 6,000 a yawancin ƙananan motocin fetur, ya gani da idonsa cewa da sauran nisa. Giya ta uku a irin motarmu tana kai shi 90 ba tare da ta yi ƙorafi ba, kuma da ita ake hawa babban titi. Ta huɗu da ta biyar sai an shiga an daidaita. In motar otomatik ce, ya koyi danna totur har ƙasa ya ji ta sauko da giya da kanta, don kada ranar da ta yi masa haka a titi ya firgita. Ka kashe esi kafin ku hau, ƙaramin inji ba ya son raba ƙarfinsa gida biyu a wannan lokacin.

Tun daga farkon hanyar shiga za ka zaɓar masa giɓin da zai faɗa, ka faɗa masa da baki: "Bayan farar can za mu shiga, taka." Murya ɗaya, ba ihu, ba kokwanto, domin in ya ji shakka a muryarka ƙafarsa za ta ɗaga. In ka ga titi ya cushe babu giɓi, ku rage gudu tun daga baya inda kuke da filin sake ɗaukar wuta. Mafi munin wuri da mota za ta tsaya shi ne ƙarshen hanyar shiga, inda za ta tashi daga sifiri a gaban masu gudun 100. Da kun shiga, ku zauna a layin masu tafiya a hankali, ya bar daƙiƙa uku tsakaninsa da na gaba. Wanda ya manne muku a baya kada ka kuskura ka bari yaron ya taɓa masa burki don ya koya masa hankali. Ku ƙara tazarar gabanku, ku ba shi hanya ya wuce da fitinarsa.

In kuma ka yi duk wannan yaron bai saki jiki ba, to bai nuna ba, ka mayar da shi ƙananan hanyoyi. Ubansa ko yayansa ko wanda ke biya in ya zo yana matsa maka, kada ka amsa masa komai, ka turo shi wajena.

Gobe da ƙarfe bakwai ka zo da motar da yaron. Zan zauna a baya, ba zan ce komai ba, ina so in ji yadda kake furta "taka". Ka duba ruwan lagireto da iskar taya kafin ka taso.