Tambaya da Amsa: Anti, Zanzibar nake so in kai amarya, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Bikina ya matso kuma na riga na yi wa amarya alkawarin zan kai ta Zanzibar bayan biki, kullum hotunan wajen take turo min a waya, ni kuma ban taɓa hawa jirgi na bar ƙasar nan ba. Wane wata ya fi dacewa, ina za mu sauka, kuma ya maganar abinci da sallah? Wani abokina yace biza ba matsala a iyafot ake bugawa, haka ne? Daga wani ango a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri ya kawo ƙazantar ɗaki. Bari in fara da abokin nan naka kafin ya ja maka asara. Zanzibar tsibiri ce, kuma ɓangaren Tanzaniya ce tun haɗewar 1964, bizar Tanzaniya ake shiga da ita, kuma masu fasfon Najeriya da Nijar suna cikin waɗanda ba a ba su biza a iyafot, sai ka cika fom ta intanet sun duba sun amince tukunna, abin kuma yana cin makonni, to kar ka yarda ka yanki tikiti ko ka biya otal kuɗin da ba a mayarwa kafin amsa ta fito. Ku tafi da katin allurar shawara ɗin nan mai ruwan ɗorawa, kai da ita. Sannan tun watan Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta sa inshorar dole a kan duk baƙo, dala 44 kowane mutum, a shafinsu ake biya kafin a taso. Jirgi kam da sauƙi, Ethiopian na tashi daga Kano da Abuja ya sauke ku Adis Ababa ku canza zuwa na Zanzibar, ko ku sauka Darussalam a gaɓar Tanzaniya ku hau jirgin ruwa, wajen awa 2 ne.

Lokaci kuwa, daga Maris zuwa Mayu ruwa ake tafkawa, otal na yin araha amma kana iya wuni a ɗaki. Yuni zuwa Oktoba shi ne zaɓina.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen sauka. Hotunan da amarya ke turo maka, farin yashi da ruwa shuɗi, ai dukkan gaɓar haka take a hoto, amma a gabas wajen Paje da Jambiyani teku na janyewa ta yi nisa sosai na wasu awanni kullum, ka fito da safe da niyyar wanka sai ka tarar da fili da mata suna ta aikin ciyawar teku da suke nomawa, abin kallo ne kam amma ba shi ka biya kuɗi ba. In wanka kuke so kowane lokaci ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, sai dai fa can akwai hayaniya da kiɗa da turawa da ɗan kamfai, wasu otal ɗin kuma mashaya ce a tsakiya, ka tambaya kafin ka biya.

Kuma dan Allah kar ku ƙare kwanakin duka a bakin ruwa. Ku kwana biyu a tsohon gari, Stone Town, lungu-lungu ne da ƙofofin katako masu sassaƙa, mota ma bata shiga yawancinsu. Ku leƙa tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873 aka gina coci a wajen, ɗakunan ƙasa da ake nunawa sai jikinka ya yi sanyi. Bayan magariba ku sauka Forodhani inda ake gasa kifi da jatan lande ana matse rake, ka fara tambayar kuɗi kafin a zuba maka. Akwai gonakin kayan ƙamshi, nan amarya za ta ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, ina tabbatar maka sai ta cika jaka. Kwalekwale kuma na kai mutum tsibirin Canguu wajen manyan kunkuru, a dajin Jozani kuma akwai jajayen birai.

Sallah da abinci kar ka damu, kusan duk mutanen garin musulmi ne, masallaci ko ina, shinkafar filau da biriyani kamar me, hijabin amarya babu mai kallo. Agogonsu ya riga namu da awa 2, ka gyara naka. Ka canza kuɗi zuwa shilin tun a gari, dalar da za ka riƙe kuma ta zama sabuwar bugawa don suna ƙin tsofaffi. Samarin da za su tare ku a bakin ruwa da tayin yawo ka yi ciniki da su kamar kana Kasuwar Barci, kuma kar ka ba da kuɗi duka sai kun dawo.