Garke ya wuce, ko garke sun wuce?

Wata malamar makarantar firamare daga Tibiri ta aiko da tambaya biyu. Ta ce ɗalibinta ya rubuta "garken shanu sun wuce", ta ja masa jan biro ta mayar "ya wuce", daga baya kuma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Sannan tana son sanin ko kowace dabba tana da sunan taronta a Hausa, yadda Faransanci ya ware na ƙudan zuma daban, na karnukan farauta daban.

Malama, ki mayar wa yaron nan makinsa. Garke kalma ce tilo, namiji, shi ya sa muke cewa garken Audu, garke babba, garke ya ɓace. Amma da zarar an ambaci shanun, hankalin mai magana yakan koma kansu, sai ya ce sun wuce, sun sha ruwa a Gulbin Maradi. Haka muke yi da jama'a: jama'a ta taru, jama'a sun taru, ba wanda zai ɗaga gira. Inda zan ja biro shi ne a ce "garke ta wuce", ko a fara da "ya" a ƙare da "sun" cikin jimla guda.

Tambaya ta biyu ta fi daɗi. Bahaushe bai raba wa kowace dabba suna ba. Abin da yake dubawa shi ne me taron yake yi. Raƙuma hamsin suna kiwo a dajin Dakoro, garke ne. A ɗaura musu kaya, su bi juna zuwa Bilma ɗauko gishiri, madugu a gaba, sun zama ayari, alhali raƙuman nan ne dai. Jajayen awakin nan da Maradi ta yi suna da su, garke ne muddin makiyayi na biye da su. Giwaye ma garke ake ce musu, ko da yake ba mai kiwonsu.

Zuga kuwa mace ce, zugar karnuka, kuma akwai ƙamshin rashin tsari a cikinta. Cincirindo na cunkoso ne, ko na tsuntsaye a gonar gero ko na mutane a bakin kasuwa.

Wadda na fi so ita ce jerin gwano. Gwano ƙwaro ne mai wari, dangin tururuwa, mai tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yau kalmar ta bar ƙwaron ta koma kan motocin ɗaukar amarya da masu zanga-zanga, har yara da yawa na faɗinta ba su taɓa tsugunawa sun kalli gwanon ba.

Ki lura kuma, Malama, ruga da turke ba sunan taro ba ne. Ruga mazaunin makiyaya ce da bisashensu, turke kuwa icen da ake ɗaure dabba a jikinsa.