Lasisin kamfanin mai ba zai zame maka iƙama ba

Wani ɗan Alkaleri mai sana'ar walda ya rubuto daga Sabha, a kudancin Libiya. Shekararsa huɗu can, fasfonsa ya ƙare, ba shi da iƙama. Wani dillali ya ce zai sama masa aiki a rijiyoyin mai na Sharara, wai kamfanonin Turawa ne masu lasisi, ba mai taɓa ma'aikacinsu, amma sai ya ba da kuɗi da fasfo. Mahaifiyarsa kuma ta matsa ya dawo, tunda an sami mai a Kolmani, can yankinsu.

Ɗan'uwa, Allah ya dafa maka. Akwai gaskiya a maganar dillalin nan, shi ya sa take da haɗari. Kamfanin Akakus ne ke gudanar da Sharara, haɗin gwiwar NOC, kamfanin mai na ƙasar, da Repsol na Sifaniya, da TotalEnergies na Faransa, da OMV da Equinor. Lasisi kam akwai shi. Sai dai yarjejeniya ce tsakaninsu da NOC mai hedikwata a Tarabulus, izinin haƙo mai ta ba su. Sunanka ba ya ciki.

Ka fi ni sanin yadda ƙasar ta rabu: gwamnatin Dbeibah a Tarabulus, dakarun Haftar a gabas da yawancin kudu. Mai sa hannu a takarda daban, mai tsare hanyar rijiya daban. A 2020 an toshe fitar da mai daga Janairu har Satumba, a Agustan 2024 aka sake rufe rijiyoyi kan rikicin babban banki. In aka rufe, injiniyan da kamfani ya kawo yana da kwantiragi da jakadan da zai neme shi. Kai kuwa ɗan kwangila ne zai ɗauke ka, ko ma yaron ɗan kwangila, kuma in albashi ya tsaya, marar iƙama wa zai kai wa ƙara?

Kada fasfonka ya shiga hannun dillali, ko da ya ƙare. Shi ne shaidar cewa kai ɗan Najeriya ne. Tuntuɓi ofishin jakadancinmu a Tarabulus ta waya kafin ka hau hanya, domin shingaye da yawa ne tsakaninku, kuma ka tanadi lambarka ta NIN, ba a sabunta fasfo sai da ita. Shi kuma dillali, ka ce ya faɗi sunan kamfanin da zai biya ka, ya kawo kwantiragi a rubuce, ya nuna wanda zai tsaya maka a yi iƙama. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Batun Kolmani, haka ne Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022, a kan iyakar Bauchi da Gombe. Amma kada ka tattara kaya don shi sai wani naka ya je ya gani da ido ana ɗaukar masu walda. Ni a ganina ma ba rijiya ce ta dami Hajiya ba, ɗanta take son gani. In komawar ta kwanta maka, IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana mayar da 'yan Najeriya gida daga Libiya. Ka kira Hajiya ranar Juma'a, ka faɗa mata maganar fasfon yadda take.